Tracka a Ma'auni: Yana Tona Asirin Rijiyar Bogi, Amma Ba Ya Auna Ɗan Majalisa Gaba Ɗayansa

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ɗan majalisar tarayya mai neman komawa kujerarsa sai ya fito da dogon jerin abin da ya kawo wa mazaɓa: rijiyoyin burtsatse kaza, ajujuwa kaza, fitilun sola kaza, matasa da mata kaza da aka bai wa jari. Masu hamayya da shi kuma su ce ko tsinke bai kawo ba. Mai ƙuri'a yana tsakiya, ba shi da abin da zai riƙe sai bakin 'yan jagaliyar ɓangarorin biyu. Wannan giɓin ne Tracka ya zo ya cike. Shiri ne na ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, ita kuma ta ƙaddamar da Tracka a 2014 domin bin sawun ayyukan da aka rubuta a kasafin kuɗi. Yana da shafi a intanet mai suna tracka.ng, yana da jami'ai a jihohi da ke zuwa su ga aiki da idonsu, suna shirya taron wayar da kai a garuruwa, suna kuma taimaka wa jama'a rubuta wasiƙa ga ɗan majalisa ko hukumar da aka ɗora wa aikin. Ba a biyan ko sisi.

Hukuncinmu a kansa shi ne: ga tambayar "shin aikin nan da ke takarda yana nan a ƙasa?", da wuya talakan Nijeriya ya samu kayan aiki na kyauta da ya fi shi. Ga tambayar "shin wakilinmu ya cancanci komawa Abuja?", kaɗan daga cikin amsar kawai yake bayarwa, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai zai iya zaluntar ɗan majalisa nagari, ya kuma wanke wanda bai cancanta ba.

Sai an san yadda kuɗin ke tafiya kafin shafin ya yi amfani

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ana zuba wa ɗan majalisa kuɗin ayyukan mazaɓa a asusunsa ne ya kashe yadda ya ga dama. A tsari ba haka ba ne. Shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya domin ayyukan mazaɓu, a raba tsakanin sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360. Idan aka raba daidai wa daida tsakanin mutum 469, kowa zai tashi da kusan naira miliyan 213, sai dai ba a raba shi daidai, shugabannin majalisa sun fi samun kaso mai tsoka. A 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya fito fili ya ce kason sanata na ayyukan mazaɓa naira miliyan 200 ne. Abin da ɗan majalisa ke yi shi ne ya zaɓi aikin, ya zaɓi wurin, ya kuma zaɓi ma'aikata ko hukumar da za a saka aikin a ƙarƙashinta. Hukumar ce doka ta ɗora wa tallata kwangila, bayar da ita, sa ido da biyan kuɗi. A nan ne ake yin ɓarnar, domin sau da yawa ɗan majalisa yana zaɓar hukumar da yake da faɗa a ji a cikinta, musamman wadda kwamitinsa ke sa wa ido, sannan ɗan kwangilar da yake so ne ke samun aikin.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci a 'yan shekarun nan: biliyan 100 ɗin nan ya zama ƙaramin alhaki. Babban kuɗin yana cikin ayyukan da ake cusawa kai tsaye a kasafin ma'aikatu yayin da ƙudurin ke hannun kwamitoci. BudgIT ta ƙirga ayyuka 7,447 na naira tiriliyan 2.24 da majalisa ta cusa a kasafin 2024, sannan 11,122 na naira tiriliyan 6.93 a kasafin 2025, wanda jimillarsa ta kai tiriliyan 54.99. Saboda haka duk wanda ya duba jerin ayyukan mazaɓu kawai ya rufe waya, bai ga ko kwatar abin da ya shiga mazaɓarsa da sunan majalisa ba. Wannan binciken cushe na BudgIT, a ganinmu, ya fi shafin Tracka kansa daraja, kuma shi ya kamata a fara karantawa.

Yadda ake nema, da inda ake tuntuɓe

Ka zaɓi jiharka da shekarar da kake so, ka nemo aikin, za ka ga sunansa kamar yadda yake a kasafi, kuɗin da aka ware da matsayin da yake ciki idan jami'i ya ziyarce shi. Abu huɗu za ka kwafa a takarda ko ka ɗauki hotonsu: cikakken sunan aikin, kuɗin, hukumar da ke riƙe da shi, da lambar aikin. Lambar ita ce ginshiƙi. Ayyukan da ke cikin kasafin ma'aikatu lambarsu na farawa da ERGP, kuma da ita za ka tabbatar da layin a ainihin dokar kasafin da ke shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya. Wasiƙar da ba ta ɗauke da lamba cikin sauƙi jami'i zai ce bai gane aikin da ake nufi ba.

Tuntuɓe na farko shi ne rubutun sunayen garuruwa. Masu shigar da kasafi a Abuja suna rubuta Birnin Kudu a wani layi, B/Kudu a wani. Tudun Wada takan zama T/Wada, kuma akwai Tudun Wada fiye da ɗaya a Arewa. Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sukan rikiɗe. Ka nema da sunan ƙaramar hukuma, ka sake da sunan mazaɓar tarayya kamar Kiru/Bebeji ko Ningi/Warji, ka sake da na mazaɓar sanata, sannan da sunan ƙauyen. Nema ɗaya ba ya wadatarwa.

Na biyu, layin kasafi ba ya ɗauke da sunan wanda ya cusa aikin. Sunan wuri kawai za ka gani. Ƙaramar hukuma ɗaya tana da sanata, tana da ɗan majalisar wakilai, wataƙila minista ko shugaban wata hukuma ma ɗan garin ne. Kowannensu zai iya cewa shi ya kawo rijiyar idan ta yi ruwa, kowa kuma zai nesanta kansa idan ta ƙafe. Abin da ke taimakawa shi ne allon da aka kafa a wurin aikin, wanda yawanci ke ɗauke da sunan wanda ya kawo, da kuma sanarwar da ofishin ɗan majalisar ya fitar a Facebook lokacin ƙaddamarwa. A adana hotonsu da wuri, don ana goge su.

Na uku, kuma wannan ba laifin Tracka ba ne sai dai yana rage masa ƙarfi ƙwarai: layukan da aka rubuta da gangan yadda ba za a iya bin su ba. Za ka ga an ware ɗaruruwan miliyoyi domin samar da fitilun sola a "zaɓaɓɓun garuruwa" na wata mazaɓa ko ma na shiyyar Arewa maso Yamma gaba ɗaya. Wane gari? Fitila nawa? Babu. Jami'in da ya fi kowa ƙwazo ba zai iya ziyartar wurin da ba a ambata ba. A kasafin 2025 kaɗai BudgIT ta ƙirga ayyukan fitilun titi 1,477 da kuɗinsu ya haura naira biliyan 393.

Sai kuma batun harshe. Shafin da rahotanninsa da Turanci suke, kuma Turancin kasafi ne, wanda ko mai digiri sai ya natsu. Mutanen da aka fi cuta da aikin bogi, wato mazauna karkarar Jigawa, Zamfara, Yobe ko Kebbi, su ne suka fi nisa da shi. Taron gari da jami'ai ke yi yana rage wannan matsalar inda suka kai, amma ba za su kai ko'ina ba, ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Jerin ayyukan kowace ƙaramar hukuma da Hausa, a takarda ɗaya da za a iya karantawa a rediyo ko a manna a ƙofar fadar dagaci, zai ninka amfanin shirin nan a Arewa fiye da duk wani gyaran shafi.

"An kammala" ba yana nufin yana aiki ba

Matsayin da za ka gani a shafin labarin ranar da aka kai ziyara ne. Aikin da aka ce ba a fara ba wataƙila an yi shi bayan wata biyu. Wanda aka ce an kammala wataƙila ya lalace tun kafin damina ta gaba. Don haka sai an je wurin, kuma sai an san abin da za a duba.

Ɗauki rijiyar burtsatse mai sola, wadda ita ce uwar ayyukan mazaɓu a Arewa. Cikakkiyar rijiya tana da binciken ƙasa da aka yi kafin haƙa, ramin da ya kai inda ruwa ke zaune, bututun da aka jera a ramin tare da matatarsa da tsakuwar da ke kewaye da ita, famfon da ake nutsawa cikin ruwa, farantan sola, na'urar da ke sarrafa wutar, hasumiya da tanki, sai kawunan famfo da magudanar ruwa, da shingen da ke kare kayan. Ɗan kwangilar da ke son cin riba fiye da kima ya san ido tanki da faranti yake gani, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sai ya tsallake binciken, ya haƙa da damina lokacin da ruwa ke kusa, ya tsaya da zarar ya ga danshi. Ranar ƙaddamarwa ruwa zai zubo, a yi tafi, a ɗauki hoto. Watan Maris ko Afrilu, da ruwan ƙasa ya ja baya, famfon zai riƙa jan iska har ya ƙone. Wani kuma ya sa farantan da ƙarfinsu bai kai na famfon ba, ruwa ya riƙa zuwa da tsakar rana kawai, tankin bai taɓa cika ba. Tambayoyin da za a yi wa mutanen unguwa su ne: a wane wata aka haƙa, kwana nawa injin ya yi a wurin, ruwa na zuwa da bazara, sannan wa aka damƙa wa kula da ita. Rijiyar da ba ta da kwamitin da ke tara ɗan kuɗin gyara, ƙaramar matsala ce ke kashe ta, domin kasafin tarayya ba ya ware kuɗin kula da irin waɗannan ayyuka bayan an miƙa su.

Ajujuwa ma haka. A ƙirga ɗakunan a gwada da abin da aka rubuta, don akan rubuta uku a gina biyu. A duba ko layin ya haɗa da kujeru, ofis ko banɗaki. A goga bulo da yatsa a gani ko yana zubar da yashi, a duba kaurin kwanon rufi, silin, da daɓen ƙasa, wanda shi ke fara fashewa idan an yi rowar siminti. A kuma lura da tsohuwar dabara: a yi wa tsohon gini fenti, a kafa sabon allo, a karɓi kuɗin sabon gini. Shugaban makaranta da dattawan unguwa sun san shekarar da aka gina kowane aji.

Inda Tracka ya fi rauni shi ne ayyukan da ake kira tallafi da horaswa: rabon keken ɗinki, injin markaɗe, babura, adaidaita sahu, takin zamani, ko taron koyar da sana'a na kwana biyu. Waɗannan ba su barin alama a ƙasa. An raba, an watse. Ko an sayi ɗari biyar ne aka raba ɗari, ko 'yan jam'iyya kaɗai suka samu, babu ginin da za a je a auna. Shi ya sa masu son cin kuɗin suka fi ƙaunar wannan nau'in. Abin da kawai ke kama shi shi ne jerin sunayen waɗanda suka amfana da takardar sayen kayan, kuma waɗannan a hannun hukumar suke.

Bin sawun kuɗin

Kafin a ɗora wa ɗan majalisa laifin aikin da ba a yi ba, adalci ne a tabbatar an saki kuɗin. Rubuta aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Gwamnatin tarayya takan gaza sakin kuɗin manyan ayyuka a kan lokaci. Na 2024 sai da aka tsawaita aiwatar da shi zuwa ƙarshen Yunin 2025, aka sake ƙarawa zuwa Disamba. Aikin da ba a saki kuɗinsa ba, ba sata aka yi ba, ko da yake wakilin da ya san aikinsa ya kamata ya fito ya faɗa wa jama'arsa.

Nan ne ya kamata a haɗa Tracka da ɗan'uwansa GovSpend, shi ma na BudgIT, wanda ke tattara bayanan biyan kuɗi daga shafin baitulmali da gwamnati ta buɗe a Disambar 2019, inda aka umarci hukumomi su riƙa wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Ka nema da sunan hukumar ko wata kalma daga sunan aikin. Idan ka dace za ka ga kamfanin da aka biya, adadin da ranar. Kada ka yi mamaki idan adadin bai yi daidai da na kasafi ba: akwai harajin kayayyaki na kashi 7.5 da sauran haraji da ake cirewa, akwai kason da ake riƙewa har sai an ga ƙarkon aiki, kuma sau da yawa biyan kashi-kashi ake yi, a fara da kuɗin kafin alƙalami. Daga nan ka ɗauki sunan kamfanin ka duba shi a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Kamfanin da aka yi wa rajista watanni kaɗan kafin a ba shi kwangilar ɗaruruwan miliyoyi abin tambaya ne.

Idan an biya kuɗi kuma babu aiki, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar ya nemi takardar bayar da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashinsu, takardar shaidar kammalawa da jerin waɗanda suka amfana. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Hukumar tana da kwana 7 ta amsa, za ta iya ƙara wasu 7 idan akwai dalili. A kai wasiƙar kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya a riƙe. Tracka ba shi da ikon kama kowa ko tilasta wa ɗan kwangila komawa bakin aiki. Matsin lamba da kunyatarwa ne makamansa. Mai wannan ikon ita ce hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take da shirin bin sawun ayyukan mazaɓu, kuma ta ƙwato kayan asibiti da taraktocin da aka karkatar, ta kuma mayar da 'yan kwangila wuraren da suka gudu suka bari. A taronta na Nuwamban shekarar ne Shugaba Buhari ya ce an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya kan ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinsu a rayuwar talaka ba.

Abin da ma'aunin ba ya gani

Tsarin mulkin 1999 bai ce aikin ɗan majalisa haƙa rijiya ba ne. Sashe na 4 ya ba shi ikon yin doka, sashe na 80 da 81 suka ba shi ikon amincewa da kasafi, sashe na 88 ya ba shi ikon binciken yadda ake kashe kuɗin gwamnati. Duk waɗannan babu su a shafin Tracka, kuma a nan ne tarihin siyasar ɗan majalisa yake ginuwa ko ya rushe.

Misalai biyu daga Arewa sun isa. A 2016 Abdulmumin Jibrin na Kiru/Bebeji, bayan ya bar shugabancin kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi shugabannin majalisar ƙarƙashin Yakubu Dogara da cushe a kasafi, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A Maris ɗin 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da sashen Hausa na BBC kan naira tiriliyan 3.7 da ya ce ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba a kasafin shekarar, Majalisar Dattawa ta dakatar da shi na wata uku, ta dawo da shi a ƙarshen Mayu. Ko mutum ya yarda da zarginsu ko bai yarda ba, waɗannan su ne manyan abubuwan da suka faru a rayuwar majalisar mutanen biyu, kuma mai ƙirga rijiyoyi kawai ba zai san da su ba. Haka nan dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda Sanata Barau Jibrin ya gabatar aka sa mata hannu a Yulin 2024, ba za ta bayyana a jerin ayyukan mazaɓa ba.

Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. Wanda ya fi kowa yawan ayyuka a jerin yawanci shi ne wanda ya fi kusanci da shugabancin majalisa ko yake riƙe da kwamiti mai maiƙo. Sabon shiga ko ɗan adawa mai yawan magana zai tashi da kaɗan. Idan yawan layi ne ma'auni, to ana saka wa gwanin cushe ne da ƙuri'a, ana kuma koya wa na baya cewa shiru da biyayya ga shugabanni sun fi sa ido riba.

Domin ɓangaren doka sai a koma ga shafin BillsTrack na PLAC, ƙungiya mai zaman kanta da ke bibiyar ayyukan majalisa, inda ake ganin ƙudurorin da ɗan majalisa ya gabatar da matakin da kowanne ya kai. A can ma kada a ruɗu da yawa: ƙudurin da ya tsaya a karatu na farko sunansa kawai aka karanta, kuma da yawansu na neman kafa jami'a ko cibiyar lafiya ta tarayya ne a garin mai ƙudurin. A duba nawa suka tsallake karatu na biyu, nawa aka yi wa sauraron ra'ayin jama'a, nawa suka zama doka. Yadda wakili ya kaɗa ƙuri'a kuwa shi ne mafi wuyar samu, saboda yawanci da murya ake yanke hukunci a zauren. Sai jefi-jefi ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kamar a Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, inda sanatoci 52 suka goyi bayan a gindaya sharaɗi, 28 suka ƙi, wasu 28 kuma ba sa wurin. Jerin sunayen ranar ya fita a jaridu, kuma yana da kyau a nemo shi a ga inda sanatan mazaɓa ya tsaya, ko ma ya halarta.

Waɗanda Tracka zai fi yi wa amfani su ne ƙungiyoyin ci gaban gari, ƙungiyoyin ɗalibai, masu shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyo, da duk wanda zai iya haɗa mutum uku ko huɗu su raba aiki: ɗaya ya nemo layukan kasafi, ɗaya ya bi biyan kuɗi, sauran su je wurin da waya mai ɗaukar hoto. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne makonnin farko bayan shugaban ƙasa ya sa hannu a kasafi, tun kafin a bayar da kwangila. A lokacin ne za a iya kai wa hukumar da ofishin ɗan majalisar wasiƙa mai lambar aiki da sa hannun dagaci, limami da shugaban makaranta, a nemi a sanar da gari ranar da ɗan kwangila zai zo da kuma zurfin rijiya ko yawan ɗakunan da aka amince a biya.